Albashi ya ƙaru, farashi ya ƙaru, matakan haraji suna inda suke: muhawara a zauren Hausawan Garwa, Marwa da Kusiri a Kamaru

Malam Sani Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun da aka sa hannu a dokar kasafin kuɗin 2025 nake jin maganganu iri-iri. Wani ya ce an rage harajin albashi, wani ya ce an ƙara. Wanda ya karanta dokar da idonsa ya taimaka mana. An taɓa matakan IRPP, wato harajin kuɗin shiga da ake cirewa a albashi, bana ko kuwa? Muna gab da karɓar takardar albashin Janairun 2025, ina so in san abin da zan tarar.

Hajiya Rabi Kwantabul: Wa alaikumus salam Malam. Ba a taɓa su ba. Sefa miliyan 2 na farko a shekara 10%, daga nan zuwa miliyan 3 15%, zuwa miliyan 5 25%, abin da ya haura miliyan 5 kuma 35%. A kan harajin da ya fito ana ɗora kashi 10 cikin ɗari na ƙananan hukumomi, wato CAC, don haka a zahiri 11, 16.5, 27.5 da 38.5 ake biya. Haka suke bara, haka suke bana.

Malam Sani Garwa: To alhamdu lillahi, tunda ba a ƙara ba.

Hajiya Rabi Kwantabul: A nan ne nake so mu tsaya, Malam, don ni ban ɗauke shi abin murna ba. Rashin taɓa su ɗin shi ne ƙarin. Waɗannan lambobi tun gyaran da ya fara aiki a 2004 suke. Ka tuna abin da miliyan 2 ke saya a 2004, ka duba abin da yake saya yau. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce farashi ya tashi da 6.3% a 2022, ya ƙara tashi da 7.4% a 2023. Litar mai ta bar 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024. In mai gidanka ya ƙara maka albashi don ka iya sayen abin da kake saya da, kai ba ka yi arziki ba, amma a idon doka ka hau sama, kuma ana yankar ka a matsayin wanda ya hau. Kamar mai awo ne da ya doke gindin mudu ya bar farashi yadda yake. Ba wanda zai ce ya ƙara kuɗi, amma tuwon gida ya ragu.

Zainabu Marwa: Hajiya, don Allah tun da maganar ta zo. Maigidana an yi masa tayin ƙarin girma a wurin aiki, daga jaka 300 (sefa 300,000) zuwa jaka 330 a wata. Abokansa sun cika masa kunne wai zai faɗa mataki na biyu, haraji zai cinye ƙarin har ya taɓa tsohon albashin. Yau sati ke nan yana jan ƙafa. Gaskiya ne?

Hajiya Rabi Kwantabul: Ba gaskiya ba ne, ƙanwata, ki gaya masa ya karɓa. Kashi 15 ɗin ba a kan albashin duka yake hawa ba, sai a kan ɗan abin da ya tsallake layin. Bari in buga miki lissafin a fili, kowa ya amfana.

Ana fara cire 30% daga albashi a matsayin kuɗin ɗawainiyar aiki. Sannan a cire 4.2% na CNPS, asusun fanshon ma'aikata. Sannan a cire jaka 500 a shekara, wadda kowa ke da haƙƙinta. Abin da ya rage shi ake ɗora wa haraji. Mai jaka 300 a wata, abin da ya rage masa a shekara 1,868,800 ne, duk yana cikin matakin 10%. Da CAC, harajinsa wajen 17,130 ne a wata. In ya koma jaka 330, ragowar ta zama 2,105,680. Miliyan 2 na farko suna nan a 10%, 105,680 kaɗai ke shan 15%. Harajin wata ya koma wajen 19,790. Bambancin bai kai jaka 3 ba. Ki haɗa da ƙarin CNPS, da 1% na Crédit Foncier (asusun bashin gina gidaje), da kuɗin rediyo da talabijin da zai tashi daga 3,250 zuwa 4,550, zai tsira da kusan jaka 24 daga cikin 30 ɗin.

Amma ki lura da abin da nake faɗa wa Malam Sani. Albashi ya ƙaru da 10%, haraji ya ƙaru da sama da 15%.

Zainabu Marwa: Allah ya saka da alheri. Na tura masa yanzu.

Malam Sani Garwa: Hajiya, ai wannan na masu jaka 300 ne. Mu da muke ƙasa da haka, ba mu kusa da wani layi, ina ruwanmu da matakai?

Hajiya Rabi Kwantabul: Da ruwanku, ta hanyar jaka 500 ɗin nan. Ita ma ba ta motsi. Mai jaka 200 yana biyan wajen 9,890 a wata. A ƙara masa 10% ya koma 220, zai biya wajen 11,340. Bai canza mataki ba, amma harajinsa ya tashi da kusan 15%, don abin da ake yafe masa ya tsaya cak, abin da ake yanka kuma ya faɗaɗa. Kuma shi kuɗin rediyonsa zai yi tsalle daga 1,950 zuwa 3,250 da zarar ya wuce jaka 200 ko da da dala ɗaya ce. Wancan ba a yanka shi sannu-sannu kamar IRPP, tsani ne mai tsalle.

Alhaji Ɗanladi Mai Shago: Ku masu albashi kun iya kuka. Ku aƙalla wata na ƙarewa kuɗi na shigowa. Mu a kasuwar Marwa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, mai tikitin mairi, wato ƙaramar hukuma, zai zo, kuɗin rumfa na nan, na wata uku-uku na nan. Yanzu ma an ce an yi sabuwar dokar harajin ƙananan hukumomi a Disambar 2024, an kawo wani dunƙulallen haraji da ake kira IGS ga duk wanda cinikinsa bai kai miliyan 50 a shekara ba. Ba wanda ya tara mu ya yi mana bayani da yaren da muke ji. Kuma wa ke cire mana 30% na ɗawainiya? Ni ɗawainiyata ta fi ta kowane ma'aikacin ofis, daga dako har kuɗin hanya.

Malam Sani Garwa: Alhaji, da girmanka, amma kai kana da baki a cikin lissafinka. Kai ke faɗin nawa ka sayar. Ni kafin kuɗin su iso hannuna an riga an yanke. Ban taɓa ganin harajina da ido ba sai a takarda. Wane ne a kasuwa ke faɗin cinikinsa daidai har dala?

Alhaji Ɗanladi Mai Shago: Malam, ka ce mu ɓarayi ne ke nan?

Malam Sani Garwa: Subhanallahi, ban ce ba. Na ce ƙofar da ke buɗe gare ka a rufe take gare ni.

Admin Bala: Alhaji, Malam, a yi haƙuri da juna. Ku biyun a kan TVA ɗaya, harajin da ke kan kayan saye, kuke haɗuwa, 19.25% ba ya tambayar sana'ar mutum. A ci gaba da magana a kan doka, a bar mutane.

Bashir Gaundare: Ni zan tsaya a ɗaya gefen, ko da zan sha suka. Ana ta cewa a ɗaga matakai, a ɗaga jaka 500. Na yarda da lissafin Hajiya, ba ni da ja a kansa. Tambayata, gibin da zai biyo baya wa zai cike shi? Harajin da Kamaru ke tarawa bai kai kashi 15 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa ba. Shugaban ƙasa da bakinsa ya ce tallafin mai ya ci fiye da biliyan 1,000 a 2022. Ga yaƙi da Boko Haram a Arewa Mai Nisa, ga rikicin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, ga bashi. Kuma mu faɗi gaskiya, mutum nawa ne a Arewa ke da takardar albashi? Manomin masakwa, dawar rani, ba shi da ita, mai kiwo ba shi da ita, ɗan kabu-kabu ba shi da ita. In an sauƙaƙa wa masu albashi, aka ɗora gibin a kan mai ko TVA, talakan da bai taɓa ganin ofis ba shi zai biya. A wurina wanda ke da jaka 300 a wata a Garwa yana cikin masu hali.

Hajiya Rabi Kwantabul: Bashir, hujjarka mai nauyi ce, ba zan raina ta ba. Amma ka duba wanda tsayuwar matakan ta fi ƙuntata wa. Matakin ƙarshe, 35%, yana farawa ne daga albashin wajen jaka 697 a wata. Daga nan har sama ba wani mataki. Mai jaka 700 da mai miliyan 10 a wata, kashi ɗaya ake yanka a kan kuɗinsu na ƙarshe. In ana neman cike gibi, ga wuri nan. A ɗaga layin ƙasa, a buɗe sabon mataki can sama. Ban ce gwamnati ta yi asara ba, cewa na yi ta fito fili ta faɗi wanda take so ya biya, majalisa ta yi muhawara a kai. Yadda ake yi yanzu, hauhawar farashi ke ƙara harajin, ba ɗan majalisar da ya ɗaga hannu.

Bashir Gaundare: Ai an taɓa na saman a dokar 2024.

Hajiya Rabi Kwantabul: An taɓa, kuma wannan na yaba. An sa wa 30% ɗin rufi, ba zai wuce miliyan 4.8 a shekara ba. Wato wanda albashinsa ya haura miliyan 16 a shekara, wajen miliyan 1.3 a wata, ragin nasa ya daina girma. An kuma faɗaɗa jerin alfarmar da kamfani ke ba ma'aikaci da ake lissafawa kamar albashi. Da akwai gida 15%, wuta 4%, ruwa 2%, mota 10%. Aka ƙara waya, man mota, mai gadi da intanet. To ka ga ke nan hannu na iya kai wa ga wannan sashe na doka in an ga dama. Duk gyaran da zai kawo kuɗi an samu lokacinsa. Wanda zai bar wa ƙaramin ma'aikaci jaka biyu a aljihu, shekara 20 ba a samu lokacinsa ba.

Baba Garba Mai Ritaya: 'Ya'yana, na daɗe ina karanta ku. Bari tsoho ya sa baki.

Mu da muka yi aiki kafin 2004 mun san wani tsari dabam. A lokacin ana duba iyalinka. Mai mata da 'ya'ya ana raba abin da yake samu kashi-kashi gwargwadon bakunan da yake ciyarwa kafin a ɗora masa haraji mai hawa. Gwauro da mai 'ya'ya shida ba su biya daidai ba. Gyaran 2004 ya share wannan, aka ce an sauƙaƙa lissafi, aka ba kowa jaka 500 bai ɗaya. Sauƙin lissafi an same shi, ban musa ba, don tsohon tsarin yana da wahala kuma mutane da yawa ba su cika takardun ba. Amma ku duba wa abin ya fi shafa. A ƙasar nan ina ne gidaje suka fi cika? Nan Arewa. Ma'aikaci ɗaya a Marwa ko Gidar yana ɗauke da matarsa, 'ya'yansa, mahaifiyarsa, marayun ɗan'uwansa, wani lokaci har da dangin da suka gudo daga bakin iyaka. Doka tana ganinsa daidai da saurayin da ke zaune shi kaɗai a ɗaki ɗaya a Duwala.

Mun ga 1993 da aka zaftare albashi sau biyu a shekara guda, muka ga Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi. Waɗannan an sanar da su, mun ji zafinsu rana ɗaya, mun san ranar. Na yanzu ba shi da rana, shi ya sa ba wanda ke fita ya yi magana a kansa.

Zainabu Marwa: Baba, ai akwai kuɗin yara na CNPS. An ƙara shi bara.

Baba Garba Mai Ritaya: An ƙara, 'yata, daga 2,800 zuwa 4,500 kowane yaro a wata. Kafin 2016 ma 1,800 ne. Na gode wa Allah da wannan. Amma sai an yi maka rajista, sai yaro na da takardar haihuwa, sai ka kai shaidar yana makaranta. Ki zagaya unguwarku ki ƙirga yaran da ba su da takardar haihuwa. Haƙƙi ne da ke tsaye a bayan takarda, kuma mu nan takardar ce ke ba mu wuya.

Malama Hadiza Fitowa: Wannan batu na Baba ya taɓa ni. A makarantarmu duk shekara sai mun yi fama da yaran ajin ƙarshe da ba za su iya zana jarrabawa ba don babu takardar haihuwa. Iyaye, wanda aka yi wa haihuwa ya je mairi da wuri. In lokaci ya wuce sai ta kotu, kuma can kuɗi ne da zirga-zirga.

Usumanu Kusiri: Mu da ke bakin gada muna ganin ɓangare biyu. Ƙanina yana aiki a Njamena, kullum yana tsallaka gadar Ngeli. A Chadi tun gyaran da suka yi a 2018, jaka 800 na farko a shekara babu haraji a kansu, kuma matakinsu na sama 30% ne. Kuɗinmu ɗaya, sefa ɗaya, kasuwa kusan ɗaya. Ban ce can aljanna ce ba, suna da nasu kukan, kuma yadda suke lissafin abin da ake cirewa ba irin namu ba ne, don haka ba a gwada lamba da lamba kai tsaye. Abin da nake nunawa shi ne maƙwabcinmu ya zauna ya sake duba matakansa. Ba abu ne da aka saukar daga sama ba.

Aminu Liyon: Gaisuwa ga iyaye da yayye. A nan Faransa al'adar ita ce kusan duk shekara dokar kasafi tana ɗaga layukan gwargwadon tashin farashi. Na 2023 an ɗaga da 5.4%, na 2024 da 4.8%. Da gwamnatin firaminista Barnier ta faɗi a Disambar 2024 ba a zartar da kasafin 2025 ba, babban abin da jaridu suka riƙa yi wa ihu shi ne in ba a ɗaga layukan ba mutane da yawa da ba sa biya za su fara biya. Shekara ɗaya tak, ƙasa ta ɗauki zafi. A Amurka ma hukumar harajinsu na gyara layukan duk shekara. Kuma tsarin duba iyali da Baba ya ambata yana nan a nan, yaro na farko da na biyu rabin kashi kowanne, daga na uku kashi guda.

Bashir Gaundare: Aminu, Faransa na da masu biyan haraji miliyoyi da kwamfutar da ta san kowa. Kada mu ɗauko rigar wani.

Aminu Liyon: Yaya Bashir, ɗaga layi ba ya buƙatar kwamfuta. Sahu ɗaya ne a cikin doka. Duba iyali ne ke buƙatar takardu, wannan na yarda zai yi wuya a gida.

Hajiya Rabi Kwantabul: Bari in ƙara abu ɗaya da ke damuna fiye da sauran. Albashin da bai kai 62,000 a wata ba ba a cire masa IRPP. Kun san daga ina lambar ta fito? Ku ɗauki 62,000, ku cire 30%, ku cire 2.8% wanda shi ne kuɗin CNPS na da, za ku samu kusan 41,660. Ku raba jaka 500 gida 12, za ku samu abu ɗaya. Wato lissafin zamanin ne, tun kafin CNPS ta koma 4.2% a 2016. A lokacin da mafi ƙarancin albashi yake 36,270, wanda ke kansa yana nesa da layin sosai. A Maris 2023 aka mai da mafi ƙarancin albashi 60,000 ga ma'aikatan kamfanoni da ba na noma ba. Yanzu tsakanin albashin da doka ta ce ba a biyan ƙasa da shi da layin fara haraji jaka 2 ce kawai. Mai gadi ko mai shara ya samu ɗan ƙarin shekaru a aiki, ya shiga sahun masu biya. Abin da za a cire masa kaɗan ne, na sani, amma a wurin mai jaka 70 dala ɗari ma kuɗi ce.

Alhaji Ɗanladi Mai Shago: Wannan kam na ji shi. Yarana biyu na shago da na yi wa rajista suna wajen nan. Hajiya, in na ƙara musu jaka biyar-biyar ke nan sai na fara cire musu?

Hajiya Rabi Kwantabul: In sun wuce layin, e, Alhaji, kuma kai doka ta ɗora wa cirewa da kaiwa. Amma kada wannan ya hana ka ƙara musu. Mai jaka 70 harajinsa bai kai 500 a wata ba. Da kuɗin rediyo 750 da ɗan harajin raya ƙaramar hukuma, har yanzu ƙarin ya fi abin da za a cire nesa ba kusa ba.

Isiyaku Mokolo: Ni abin da ban gane ba, tun 2019 aka ayyana Arewa Mai Nisa a matsayin yankin da tattalin arzikinsa ya durƙushe, tare da yankuna biyu na masu Ingilishi. Aka ce an yafe haraji. Mu da ke aiki a Mayo Tsanaga ba mu ga an rage mana ko dala ba.

Hajiya Rabi Kwantabul: Wancan sauƙin na kamfanonin da suka zuba sabon jari ne a yankin, ana yafe musu wasu haraji na 'yan shekaru. Bai shafi albashin ma'aikaci ba. Nas ɗin da ke kwana a asibitin Mora ko malamin da ke koyarwa a Kolofata yana biyan abin da na Yawunde ke biya.

Isiyaku Mokolo: To wannan ai shi ya fi cancanta a duba. Mai jari yana iya ɗaukar jarinsa ya tafi. Wanda aka turo aiki bakin iyaka da ransa yake zaune.

Bashir Gaundare: A nan ina tare da kai, Isiyaku. In za a yi ragi, gara a yi irin wannan mai manufa, a san wa aka ba kuma don me. Shi ya fi mini ɗaga layi ga kowa da kowa, wanda babban rabonsa zai tafi wa masu manyan albashi a Duwala da Yawunde.

Hajiya Rabi Kwantabul: Ya danganta da layin da aka ɗaga. In na sama aka ɗaga, gaskiyarka. In jaka 500 ɗin aka mayar, a ce, jaka 800, mai jaka 200 zai samu sauƙin 2,750 a wata, fiye da kwata na harajinsa. Manya za su samu fiye da haka a lamba, shi ya sa na ce a haɗa da sabon mataki a sama. Ba a yin ɗaya a bar ɗaya.

Malam Sani Garwa: Wata tambaya kuma. Wannan sanarwar kuɗin shiga ta shekara da aka matsa mana bara a shafin DGI, hukumar haraji, bana ma sai mun yi? Tunda an riga an cire a albashi, me kuma ake nema?

Hajiya Rabi Kwantabul: Sai an yi, Malam, ta zama ta kowace shekara. Bara wa'adin farko 30 ga Yuni ne, aka yi ta ɗagawa saboda mutane sun kasa shiga. Abin da ake nema shi ne sauran kuɗin da ke shigo maka ban da albashi, musamman haya da filaye. In albashi kaɗai gare ka kuma an cire daidai, ba sabon IRPP da zai hau kanka. Ka tanadi lambarka ta mai biyan haraji, wato NIU, da takardun albashin wata 12. Kuma kada ka raina ta, don takardar shaidar cewa ba a bin ka haraji yanzu ana neman ta a wurare da yawa, har wajen neman biza.

Shawarata ga kowa, ku zauna da takardar albashinku ku buga lissafin nan da kanku. Na sha ganin inda aka cire wa ma'aikaci kuɗi a takarda amma ba a kai su ba, musamman na CNPS. Ku je ofishinsu ku nemi a nuna muku abin da aka zuba da sunanku. Gara ka gano yau da ka gano ranar ritaya.

Malama Hadiza Fitowa: Wannan ya faru da wata abokiyar aikina a wata makarantar kuɗi da ta bari. Shekaru ana cire mata, da ta je dubawa ba ta tarar da komai ba. Har yanzu maganar na wurin sufeton aiki.

Usumanu Kusiri: Kuma kada a manta da sabon sefa 4 da aka ɗora bana a kan kowace turawa da cirewa ta waya, bayan 0.2% na 2022. Mu da ke tura wa gida kuɗi kaɗan-kaɗan mu ne za mu fi jin sa, don mai tura jaka ɗaya da mai tura jaka ɗari duk 4 ɗin ce.

Baba Garba Mai Ritaya: Duk mun yi magana, to wa zai kai ta? Dokar kasafi a watan Nuwamba take zuwa majalisa, kuma kafin ta zo ma'aikatar kuɗi ta riga ta gama rubutu. Ƙungiyar masu kamfanoni tana kai buƙatunta tun da wuri, a rubuce, da lissafi. Mu sai an sa hannu muke tambaya me aka yi. Yankunan Arewa uku suna da 'yan majalisa da yawa. A cikin zauren nan akwai wanda ɗan majalisa ɗan unguwarsu ne, akwai 'yan ƙungiyar malamai, akwai na ma'aikatan lafiya.

Bashir Gaundare: In za a rubuta, ni ina so a sa batun ragi ga masu aiki a bakin iyaka a gaba. Kuma a faɗi inda kuɗin cike gibin zai fito, in ba haka ba ba mai karantawa.

Hajiya Rabi Kwantabul: Na yarda a sa duka biyun. Zan shirya lissafin a shafi biyu da Faransanci, in yi wani da Hausa don zaure. Abu uku zan nema: a ɗaga jaka 500 da layin 62,000, a sa a doka cewa za a riƙa duba matakan in farashi ya tashi, a buɗe mataki sama da miliyan 5. Bashir, kai ka rubuto sashen bakin iyaka tunda kai da Isiyaku kuka kawo shi. Ina buƙatar takardun albashi na gaske don misali, daga jaka 65 zuwa jaka 400. Wanda zai turo ya rufe sunansa da lambarsa da sunan wurin aikinsa kafin ya ɗauki hoto.

Alhaji Ɗanladi Mai Shago: A sa mana layi ɗaya mu ma, a zo kasuwa a yi mana bayanin IGS da Hausa da Fillanci kafin a fara karɓa.

Admin Bala: An ji, Alhaji. Takardu a tura wa Hajiya ta akwatinta, kada a saka su a zaure. Ranar Lahadi bayan la'asar za ta kawo daftarin farko a duba.